Yadda Ake Tsallaka Iyakar Najeriya da Nijar a Mota Tare da Kare ko Kyanwa

Ga mutumin Katsina mai dangi a Maraɗi, tsallaka iyaka ba wani babban al'amari ba ne, domin tafiyar kilomita kusan 90 ce, harshe ɗaya ake yi a gefen nan da gefen can, agogo ma ba ya canzawa. Wannan sauƙin ne yake yaudarar wanda ya ɗauko kare ko kyanwa, har ya yi tsammanin dabbar za ta wuce tare da sauran kayan da ke cikin mota. Hukumomin ƙasashen biyu ba haka suke kallonta ba. A wurinsu kowace dabba mai rai tana iya ɗauko cuta daga wata ƙasa ta kai wata, kuma babbar cutar da ake tsoro game da karnuka da kyanwoyi ita ce ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Takardun da za a nema a bakin iyaka an tsara su ne domin su nuna cewa an yi wa dabbar rigakafi a kan lokaci, kuma lafiyarta ƙalau a makon da take tafiya.

Bayanin da ke tafe ya ɗauki hanyar Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa har Maraɗi a matsayin misali, amma tsarin ɗaya ne ga wanda zai bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ta Kwangwalam zuwa Matamaye, ko ta Maigatari ya nufi Damagaram, ko ta Kamba zuwa Gaya.

Mataki na farko: a tsayar da rana, a ƙirgo kwanaki baya

Kowace takarda tana da lokacin da take fara aiki da lokacin da take mutuwa, saboda haka shirin yana farawa ne daga tsayar da ranar tafiya, sannan a ƙirgo baya. Makonni shida sun isa ga dabbar da ba a taɓa yi wa komai ba. Allurar haukan kare ba ta fara ba da kariya ranar da aka yi ta. Ƙasashe da yawa suna so a ce ta yi kwana 21 aƙalla, wasu kwana 30, kafin dabbar ta shiga ƙasarsu, kuma wanda ya bi lissafin kwana 30 ya kuɓuta daga gardama ta kowane ɓangare. Takardar shaidar lafiya kuwa akasin haka take, gajeren rai gare ta, ana so ta zama sabuwa, yawanci wadda ba ta wuce kwana 10 ba. Wanda ya karɓi takardar lafiya da wuri ya bar allura sai satin tafiya ya juya tsarin, kuma babu roƙon da zai gyara kwanan watan da aka riga aka rubuta.

A wannan matakin ne kuma ake tabbatar da cewa mashigar da za a bi a buɗe take. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙa'idojin shige da fice suna iya sauyawa cikin ɗan lokaci, don haka labarin wanda ya wuce bara ba hujja ba ne. A tuntuɓi ofishin jakadancin Nijar a Abuja ko ƙaramin ofishinta da ke Kano, a kuma roƙi wanda zai karɓi baƙo a can ya je ofishin ma'aikatar kiwo na jihar Maraɗi ya tambayo takardun da suke so a zo da su.

Mataki na biyu: likitan dabbobi da rigakafi

A kai dabbar wurin likitan dabbobi mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, domin sa hannunsa da hatiminsa ne jami'ai za su amince da su. Mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa yana iya iya yin allura, amma rubutunsa ba ya tsallaka iyaka. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a Katsina da Kano da sauran manyan birane, akwai kuma asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ana yin allurar haukan kare ga ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa da suka kai wata uku, kuma a wannan yanki al'adar ita ce a sabunta ta kowace shekara. Wannan yana nufin ɗan kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba bai shirya tsallaka iyaka ba, komai sha'awar da ake yi ta kai shi tsaraba. Ya kamata mai dabba ya tsaya ya ga an ciro maganin daga firji ko daga akwatin ƙanƙara, domin ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya sha zafi ya lalace ko da kwalbarsa sabuwa ce. Bayan an yi allurar, a tabbata likita ya rubuta kwanan wata da sunan maganin da lambar da ke jikin kwalbar a cikin littafin rigakafi, ya manna ɗan tambarin kwalbar idan akwai, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Allurar haukan kare ita ce hukuma ta fi damuwa da ita, amma akwai wasu da amfaninsu na dabbar ne kai tsaye. Ga kare akwai allurar haɗaka da ake kira DHLPP, wadda take kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da fabo mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini. Kyanwa ma tana da tata allurar haɗakar mai kare ta daga cututtuka uku. A kuma ba da maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙuma kwanaki kaɗan kafin tafiya, a rubuta duka a littafin, saboda jami'in da ya shafa bayan kunnen kare ya taɓo kaska yana da dalilin shakkar takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau. A nan akwai gargaɗin da bai kamata a wuce shi ba: maganin kaskar kare mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa, kuma maganin feshin shanu ko na gona ba abin shafa wa dabbar gida ba ne.

Idan asibitin yana da kayan aiki, a sa wa dabbar maikurocif, wato ɗan ƙaramin abu mai girman ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata, wanda yake ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 bisa ma'aunin ISO 11784 da 11785. A sa shi kafin allurar haukan kare ko a rana ɗaya, a rubuta lambar a kowace takarda. Ba kowace mashiga ce take da na'urar karanta shi ba, saboda haka a haɗa da hoton dabbar mai kyau a manne a littafin, tare da bayanin launinta da jinsinta da duk wani tabo da take da shi. Wanda yake da niyyar wucewa da dabbar zuwa Tarayyar Turai daga baya zai buƙaci gwajin jini na ƙarfin rigakafi, wanda ake ɗiba kwana 30 bayan allura sannan a jira wata uku, amma wannan wani shiri ne dabam.

Mataki na uku: takardun hukuma, har da na dawowa

A Najeriya izinin fitar da dabba da na shigo da ita yana fitowa ne daga ofishin Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa, a Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi na Tarayya da ke Abuja, wanda yanzu yake ƙarƙashin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024. Hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, ita ce take duba dabbar da takardunta a mashigan ƙasa. Ana rubuta takardar neman izini, a haɗa da kwafin littafin rigakafi da kwafin fasfo ko katin shaidar mai dabbar, a bayyana ƙasar da za a je da mashigar da za a bi. Likitan da ya yi allurar ko ofishin lafiyar dabbobi na jiha za su nuna hanyar shigar da takardar, kuma duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit.

Kwana biyu ko uku kafin tafiya a mayar da dabbar wurin likita ya duba ta, ya auna zafin jikinta, ya rubuta takardar shaidar lafiya, sannan a kai wa likitan gwamnati ya tabbatar da ita da hatimin ofis. A karanta takardar layi bayan layi tun ana gaban wanda ya rubuta ta. Sunan mai dabba ya zo daidai da yadda yake a fasfo, lambar maikurocif ta yi daidai, kada a rubuta namiji a inda mace ce, kuma kada a yarda da gyaran biro ko shafe-shafe a kan kwanan wata.

Ko da yake kundin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin ofis a can har yanzu yawancinsa da Faransanci ake rubuta shi, saboda haka yana da kyau a fassara takardar lafiya da shafin allurar haukan kare zuwa Faransanci a haɗa da na asali. A yi kwafi uku na kowace takarda, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye na asali a jakar leda da ba ta barin hannun mai tafiya.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne dawowa. Karen da aka haifa a Kano, da zarar ya kwana a Maraɗi, dabba ce mai shigowa daga ƙasar waje ranar da aka juyo da shi, kuma Najeriya tana neman takardar izinin shigowa. Neman wannan izini daga can ya fi wuya nesa ba kusa ba, don haka a nemi na fita da na dawowa a lokaci guda tun ana gida. Kada kuma a rikita waɗannan takardu da takardar ƙaurar makiyaya da ECOWAS ta tsara a 1998, domin ita ta garken shanu da tumaki ce, ba ta shafi dabbar gida ba.

Idan tsuntsu ne ko naman daji

Tsuntsaye suna da nasu matsalolin. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka ne a Jihar Kaduna a Fabrairu 2006, cikin watan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar, kuma tun daga lokacin duk sanda cutar ta ɓarke hukumomi sukan hana zirga-zirgar tsuntsaye, hanin da kan iya shafar tantabaru da kajin ado. Aku mai launin toka da jar wutsiya kuwa an mayar da shi rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, wadda take tsara cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, a taron Johannesburg na 2016, wato rukunin da ya fi tsanani, saboda haka fita da shi ba tare da izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da na ƙasar da za a shiga ba laifi ne, ko da ya shekara goma a gidan mutum. Babban kunkurun Sahel da birai ma suna cikin jerin yarjejeniyar. Shawarata ga mai irin waɗannan ita ce ya bar su a gida wurin wanda zai kula da su, sai fa in ƙaura zai yi gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: mota da keji

Motar haya ba ta dace da wannan tafiya ba, musamman ga kare, domin fasinjoji da yawa ba za su yarda su zauna kusa da shi ba, direba kuma zai ce a sa shi a but ko a ɗaure shi a saman kaya, kuma dukansu biyu suna iya halaka shi. A yi amfani da motar gida ko a ɗauki shata, a gaya wa direban tun wurin ciniki cewa da dabba za a tafi. Motar ma tana da takardunta: rajista, lasin tuƙi, inshorar da take aiki a ƙasar da za a shiga, da takardar izinin shigar da mota na ɗan lokaci da ake yanka wurin jami'an duwan, wato kwastam na Nijar. Mutanen da ke ciki su riƙe fasfo ko katin shaidar tafiya da katin allurar shawara.

Keji ya zama mai girman da dabbar za ta iya tsayuwa, ta juya, ta kwanta a ciki, mai ƙofa da ba ta buɗuwa da turi, mai shan iska ta gefe uku. A kawo shi gida makonni biyu kafin tafiya, a bar ƙofarsa a buɗe, a riƙa sa abinci a ciki har dabbar ta saba shiga da kanta, sannan a fara fita da ita gajerun zagaye a mota. Wannan sabon ya fi kowane maganin barci amfani. Kada a ba dabba maganin sa barci ba tare da umarnin likita ba, saboda yana sauke hawan jini kuma yana rage mata ikon daidaita zafin jiki, sannan dabbar da ta yi laushi a gaban jami'i ba a bambanta ta da marar lafiya. Farasitamol yana kashe kyanwa ko da ɗan kaɗan ne, ibufurofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare. Duk maganin da likita ya rubuta a tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likitan, domin akwai jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a hanya.

A tanadi jarkar ruwa daga gida, da kwano, da abincin da dabbar ta saba ci wanda zai ishe ta kwanakin farko, da igiya mai ƙarfi, da takunkumi ga kare, da tsummoki da leda na kwashe ƙazanta. Kyanwa tana buƙatar ƙaramin faranti da yashi. A rataya wa dabbar abin wuya mai ɗauke da lambar waya ta Najeriya da ta wanda za a sauka wurinsa a Nijar.

Mataki na biyar: ranar tafiya

A ba dabbar abinci kaɗan awa uku zuwa huɗu kafin tashi domin rage amai, amma kada a hana ta ruwa. A tashi da sassafe, a nufi isa Magamar Jibiya da hantsi a ranar aiki, lokacin da jami'an dabbobi suke kan kujerunsu; a guji ranar Lahadi da Jibiya take cin kasuwa, da lokacin sallar Juma'a, da kuma tafiyar dare, wadda matsalar tsaro a wannan hanya ta sa ba ta da wani uzuri.

Zafi ne babban abin da ke kashe dabba a wannan tafiya. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka sosai cikin 'yan mintoci. Kare ba ya gumi a jiki, da haki yake sanyaya kansa, kuma zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da haɗari kaɗan ce. A ɗaure kejin a kujerar baya inda iskar na'urar sanyaya mota take kaiwa, a kare shi daga rana, a tsaya duk bayan awa biyu a ba da ruwa. Kare ya sauka da igiya a wuyansa, a inuwa, ba a kan kwalta mai ƙuna ba. Kyanwa kuwa kada a buɗe kejinta sai ƙofofi da tagogin mota suna rufe, domin in ta firgita ta tsere a baƙon wuri da wuya a sake ganinta. Idan aka ga haki mai tsanani, da dalalar miyau, da jan dasashi, da tangaɗi, a tsaya nan take a jiƙa jikin dabbar da ruwa mai sanyi, a yi mata fifita, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, a nemi likita mafi kusa.

Mataki na shida: a bakin iyaka

Ya fi kyau a kasance mutum biyu, ɗaya ya shiga ofisoshi, ɗaya ya zauna da dabbar a inuwa. A gefen Najeriya za a bi ta wurin jami'an shige da fice, da na lafiya, da kwastam. Tun kafin a tambaya, mai tafiya ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da dabba, ya nemi a nuna masa jami'in NAQS. Wanda ya bayyana da kansa an fi sauƙaƙa masa a kan wanda aka gano kejinsa ƙarƙashin bargo. A sa wa kare takunkumi kafin a buɗe ƙofa, a riƙe igiyarsa gajere, kada a bari ya shinshini kayan mutane ko tabarmar salla, domin jama'a da dama suna ƙyamar miyaunsa kuma mutunta wannan yana sauƙaƙa aiki. Idan jami'i yana so ya duba kyanwa, a roƙe shi a yi a cikin mota ko a ɗaki rufaffe.

A Ɗan Isa za a maimaita kusan haka wurin 'yan sanda da duwan da jami'in ma'aikatar kiwo. A miƙa kwafi, a nuna na asali, a karɓe shi kafin a matsa daga teburin, a kuma nemi a buga hatimin shiga a kan takardar lafiya, saboda jandarmomi a shingayen da ke gaba suna iya tambaya. A riƙe 'yan kuɗin sefa ƙanana domin biyan abin da doka ta tanada, tare da neman rasit. Akwai masu shiga tsakani da za su ce a ba su dabbar su zagaya da ita ta daji a kan babur. Wanda ya yarda ya mayar da dabbarsa kayan fasa-ƙwauri, ba shi da hatimin shiga, kuma zai rasa abin nunawa ranar dawowa. Idan takarda ta gaza, hukuma tana da ikon mayar da dabbar ko killace ta a kan kuɗin mai ita, kuma a irin wannan hali komawa Katsina a gyara takardar ya fi barin dabbar a hannun wasu.

Mataki na bakwai: bayan isa da kuma juyowa

A kwanakin farko a ajiye kyanwa a ɗaki ɗaya har ta saba da gidan, kare kuma kada a sake shi ya cuɗanya da karnukan unguwa, waɗanda yawancinsu ba a yi musu allura ba. Idan wani kare ya cije shi, a kai shi wurin likita a ranar ko da rigakafinsa bai ƙare ba. Idan shi ne ya ciji mutum, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a kai mutumin asibiti nan take, a nuna littafin rigakafi, a tsare karen ana lura da shi kwana 10.

Idan zaman ya wuce wa'adin takardar lafiyar da aka zo da ita, a je ofishin ma'aikatar kiwo a Maraɗi kwana biyu ko uku kafin juyowa a karɓi sabuwa, a duba cewa allurar haukan kare ba ta cika shekara ba kuma izinin shigowa Najeriya bai mutu ba. Bayan an dawo gida a sake duba jikin dabbar ko ta kwaso kaska, a kuma lura da ita na makonni uku, domin cututtukan da kaska ke yaɗawa sukan ɗauki wannan lokaci kafin su bayyana da zazzaɓi, da ƙin cin abinci, da farin dasashi, ko fitsari mai duhu, kuma duk wanda aka gani a cikinsu dalili ne na komawa wurin likita da littafin rigakafi a hannu.